Tudun da Na Ɗauka a Rabon Gado

Gidanmu na Rijiyar Lemo yana da maƙwabta gabas da kudu da arewa kamar kowane gida, amma a lissafin Baba har da na yamma, wato mutanen cikin tudu. Tudun yana bayan katangarmu, a ɗan filin da ya rage daga gonar kakanmu bayan gari ya cinye ta. Tsayinsa bai kai soro ba, faɗinsa kuwa bai fi tsakar gida ba. Kowa a unguwar ya san kabari ne, amma babu wanda ya san na wane ne. Mutanen da ne, iyakar abin da ake cewa ke nan, waɗanda suka zauna a wurin tun kafin Musulunci ya shigo ƙasar, tun kafin a san za a yi wani wuri wai shi Fagge.

Baba malami ne, da safe yana koyar da Larabci a makarantar gwamnati, da yamma yana ba da karatu a zaure. Ba ya son camfi ko kaɗan. Idan ya ji mata suna cewa akwai aljanu a tudun, ranar sai sun sha wa'azi har abinci ya huce. Amma duk shekara, idan bazara ta yi nisa aka kira magina su yi wa gida yaɓe kafin ruwa ya sauka, sai ya sa su kwaɓa ƙasa fiye da bukata. In an gama da katangu da rufin soro, ragowar a kai wa tudu. Shi da kansa yake tsayawa a kai, ya naɗe hannun riga, yana nuna inda ruwan bara ya ci, a cike, a daddale. Ko bayan da aka mayar da gidan na bulo da siminti, aka daina yaɓe, bai fasa ba. Sai ya sayi jar ƙasa wajen masu jakai, daga baya wajen masu tifa.

Ni ce mace tilo a cikin 'ya'yansa, kuma ni ce mai baki. Wata shekara ina 'yar budurwa na tare shi yana wanke hannu, na ce, “Baba, kai ka ce ba Musulmi ba ne. To me ya sa kake yi musu gyara?”

Ya ce, “Kin ga na yi musu salla? Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne, Shi Ya san su. Amma idan ruwa zai shiga ɗakin maƙwabcinki, sai kin tambaye shi addininsa kafin ki miƙa masa ƙasa?”



Na girma na bi sawunsa a aikin koyarwa. Yawancin shekaruna na yi su a wata makarantar sakandare a Sabon Gari, kuma bayan rasuwar maigidana na kama hayar ɗaki da falo a saman bene kusa da makarantar, ina zaune ni kaɗai. Wanda bai zauna Sabon Gari ba bai san hayaniya ba. Janareta ta wannan gefe, masu sayar da kayan mota ta wancan, ga mai gida da yake tuna ina raye duk ƙarshen shekara. Abin da yake riƙe da ni shi ne sanin cewa in na yi ritaya zan koma sashen Inna, Allah Ya jiƙanta, ɗaki biyu da rumfa a ƙuryar gidanmu, inda aka haife ni. Kowa a gidan ya san wannan sashen nawa ne, ko ba a faɗa ba.

Shekarar da Baba ya kwanta ciwon ajali, duk bazarar a asibiti muka yi ta, babu wanda ya tuna da jar ƙasa. Ya rasu da farkon damina. Ruwan shekarar kuwa ya yi yawa, ga shi duk unguwar an yi gine-gine an toshe hanyoyin ruwa, sai ya sami hanya ta bayan gidanmu. Bayan sadakar arba'in da kwanaki, wata maƙwabciyarmu ta bugo min waya ta ce in zo in ga tudu, gefensa ya zabge.

Na tafi da abokiyar aikina, malamar tarihi, Kirista ce daga wajen Zariya. Mun daɗe tare, tebur ɗaya muke cin abincin rana, kuma ita kaɗai ce take iya ce min na cika faɗa in yi dariya. Muka hau adaidaita sahu muka je. Ruwa ya yanke tudun ta yamma kamar an sa wuƙa a tuwo. A cikin yankan ga bakin wata tukunya a kwance, ga tsingaro birjik, ga wata munduwar ƙarfe da tsatsa ta cinye. Kusa da munduwar kuma ga ƙashi, dogo, ya yi launin ƙasar da yake ciki.

Ƙawata ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa komai ba. Ta ce, “Malama, shekara nawa ina zana wa yara irin wannan a allo, ban taɓa gani da idona ba. Hannun mutum ne fa, da munduwarsa.”

Ni kuwa ba tarihi na gani ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ke kama mutum idan ya shiga ɗaki ba sallama ya tarar da babba ba riga. Na cire mayafina na rufe wurin, na danne gefunan da duwatsu, na koma cikin gida na ari wani na yafa.

Ita ce ta san hanyar ofishin masu kula da kayan tarihi, ita ta ja ni. Aka haɗa mu da wani jami'i mai natsuwa, kuma ya cika alkawari ya zo. Ya zagaya tudun, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya tsuguna a gaban tukunyar har na fara tunanin ƙafarsa ta yi sanyi. Ya ce ba zai iya faɗin shekarunsa ba sai an yi bincike, amma ga alama ya girmi duk wani abu da aka rubuta game da garin nan. Ya ce irin waɗannan tuddai da yawa sun tafi a ƙarƙashin gidaje da gidajen mai ba tare da kowa ya sani ba. Za a iya sa shi cikin wuraren da doka take karewa, sai dai hanyar tana da tsawo, kuma kafin nan magana tana hannun masu fili. Sannan ya ce kada a tona, kada kuma a ƙara masa ƙasa, don sabuwa tana rikita tsohuwa, mai bincike ya kasa gane wace ce wace.

Na ce, “Malam, ka makara. Tun kafin a haife ka ake ƙara masa ƙasa.” Na ba shi labarin Baba da maginansa.

Ya kama baki, sannan ya yi dariya. Ya ce, “Ashe shi ya sa ya kawo yau. Hajiya, ku kuka hana shi ɓacewa, ku ne kuma za ku ba mai tonawa ciwon kai.”

Na ce ciwon kan mai tonawa ba damuwata ba ce, hadari nake gani a gabas, kuma ba zan bar ƙashin mutum a waje ina jiran sa hannun wani a ofis ba. Bai yi fushi ba. Ya ɗan yi tunani, ya ce to a yi haka: a fara shimfiɗa farin yashi a kan yankan, sannan a zuba jar ƙasa a kai, duk wanda ya zo daga baya in ya iske farin layi ya san daga nan aikin mutanen yanzu ya fara. Dabarar ta burge ni. A makon muka yi, ya zo ya tsaya a kai, ƙawata tana riƙe da lema tana ba leburori umarni kamar 'yan aji ɗaya.

Duk wannan Yaya yana kallo daga gefe. Yaya shi ne babbanmu, yana da shago a Kantin Kwari, dilolin atamfa da shadda yake saukewa. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Shi ya ɗauki nauyin jinyar Baba, shi ya aurar da ƙannenmu maza biyu, kuma ban taɓa zuwa wurinsa da matsala na dawo da ita ba. Sai dai idonsa na ɗan kasuwa ne, in ya kalli fili ba ya ganin komai sai abin da za a ɗora a kai.

Da maganar gado ta taso, ya kira ni ya shimfiɗa min tsarinsa. Abin da Baba ya bari gida ne da filin baya. Masu kima sun ce filin da sashen Inna kusan darajarsu ɗaya, kuma kowannensu ya yi daidai da rabona na mace. Wani abokin kasuwancinsa yana son filin zai gina sito. To a sayar masa, kuɗin ya tafi ga ƙannenmu da suke neman jari ido rufe, ni in ɗauki sashen Inna, gida ya tsaya yadda yake. Kowa ya samu, babu wanda ya yi kuka.

Na ce, “Tudun fa?”

Ya ce, “Katafila za ta baje shi. Amma ba wulaƙanci za a yi ba, ni ma ɗan Baba ne. A tattara ƙasusuwan a sa a farin ƙyalle, a kai su wani wuri a binne.”

Na ce wane wurin? Ya ce zai nemo. Ya kuwa nema, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya je wajen dattawan da suke kula da makabartar unguwa, suka ba shi haƙuri cikin ladabi, suka ce wurin na Musulmi ne kuma ko su ya yi musu kaɗan. Ƙawata ta tambayi dattawan cocinsu, su ma suka ce ba su san mutanen ba, ba su san da wace addu'a za su karɓe su ba. Ban ga laifin kowa ba, kowa da ƙa'idarsa. Amma abin bai kwanta min ba. Mutanen da suka riga kowa zuwa wurin nan, a ce duk faɗin Kano babu inda za a ajiye su sai inda suke, kuma nan ɗin ake so a karɓe.

Na kwana biyu ina juya maganar. Ba na son a ɗauka ban san abin da nake yi ba, na sani sarai. In na ce filin nake so a matsayin rabona, ba ni da sauran haƙƙi a cikin gida. Ƙannenmu kuma ba za su fasa neman jari ba, don haka gidan ne zai tafi kasuwa, da sashen Inna da rumfar da komai. Ni kuma in tsufa a saman benen Sabon Gari. Ƙawata ma da ta ja ni ofis, da na gaya mata sai ta tsorata. Ta ce, “Ke Malama, tarihi ba ya ba mutum wurin kwana fa.” Na ce mata ai ita ta koya min, yanzu kuma sai ta janye?

Ranar rabo aka taru a zauren Baba. Malamin da zai raba tsohon abokinsa ne, ya san mu tun muna rarrafe. Maza suna kan tabarma, ni ina bakin ƙofar shiga gida a kan 'yar kujera. Malam ya yi addu'a, ya yi bayanin rabon kowa, Yaya ya kawo tsarinsa, ƙannenmu suna ta gyaɗa kai. Da aka zo kaina na ce ni filin baya nake so, a bar min shi, na yafe sashen Inna.

 Ƙaramin cikinmu ya dube ni ya ce, “Yaya, tudu za ki shiga ki kwana?” Na ce masa in manya suna magana ya riƙa jira a zo kansa.

Malam ya ce min abin da nake nema ya halatta, amma sai da yardar sauran magada, ba a tilasta wa kowa. Ya tambaye ni ko na fahimci abin da zan rasa. Na ce na fahimta. Sai duk idanu suka koma kan Yaya, don an san in ya yarda sauran ba za su ja ba.

Yaya ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce, “Ke dai tun kina yarinya sai kin yi daban. Yanzu saboda Allah, ki rushe gidan ubanki a kan ƙashin mutanen da ba ki sani ba? Ba kakanninmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba, ko sunansu babu wanda ya sani. In don Baba ne, Baba ya yi nasa ya tafi, kuma bai bar wasiyya a kai ba. Ki gaya min dalili ɗaya da hankali zai ɗauka, in yarda.”

Na shirya masa amsoshi tun a gida, na tarihi da na doka da na maƙwabtaka, na jera su kamar darasin da zan shiga aji da shi. Amma da na buɗe baki ba su ne suka fito ba.

Na ce, “Yaya, ɗana da ya rasu yana shekara uku, wa ya kai shi?”

Ya ɗago ya kalle ni. An fi shekara ashirin ba a ambaci yaron nan a gidanmu ba, shi kaɗai Allah Ya ba ni, ƙyanda ta ɗauke shi. Ya ce, “Ni na ɗauke shi a hannuna.”

Na ce, “To ni daga bakin ƙofar nan na rabu da shi. Nan na tsaya aka fita da shi, nan na tsaya aka fita da Inna, nan na tsaya aka fita da Baba. Maigidana ma haka. Mace ba ta bin gawa, na sani, ban ce a canza ba. Ban ce a yi wa kabari gini ko a rubuta suna ba, na san addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta. Amma ni duk mutanena da suka tafi, babu wanda na san inda yake kwance. Ban taɓa cire wa ɗana ciyawa ba. In ruwa ya buɗe shi ba zan sani ba, balle in rufe. Kabari ɗaya ne tak a duniya da aka bar ni na sa wa hannu, shi ne wancan na baya. Shi kake so in tsaya a ƙofa in ga an fita da shi.”

Ban yi kuka ba. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yaya ya mayar da hularsa ya ce, “Malam, a ba ta.”

Haka aka yi. Ba a rufa shekara ba aka sayar da gidan, kuma wanda ya so filin shi ya saya. Na je ranar da aka rushe sashen Inna, don ba na son a ba ni labari. Ya yi min ciwo ƙwarai, har yau ina tuna rumfar nan. Yanzu wani dogon sito ne a wurin, manyan motoci suna sauke diloli. A bayansa kuma ga tudu, na kewaye shi da katanga da ƙaramar ƙofa. Jami'in nan yana kawo ɗalibai lokaci lokaci, maganar sa shi cikin wuraren da doka take karewa kuma tana tafiya, a hankali dai, amma tana tafiya. Na yi ritaya, ina nan a saman benena, gwiwoyina suna ƙorafi a kan matakala. Da za a sake tara mu a zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Tsakanina da Yaya ba a yi gaba ba, amma an ɗan yi sanyi. Muna gaisawa a waya, muna haɗuwa a suna da biki. Bai taɓa tako gidana na Sabon Gari ba, kullum ni ce mai zuwa. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji sallamarsa a ƙofa, yana haki saboda hawan bene. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi jiki, na tambayi kasuwa da iyali. Ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya ce, “Daga makabarta nake. Na je neman yaron.”

Na gyara zama.

Ya ce, “Na ɗauka zan gane wurin. Akwai wata bishiyar maina da na riƙe a raina tun ranar, daga ita sai ka ɗan yi gabas. An sare ta. Na tambayi masu haƙa, suka ce wannan ɓangaren an daɗe da sake binne wasu a ciki. Na yi ta zagaye. Daga ƙarshe na tsaya inda nake zato, na cire ciyawar wurin, na yi masa addu'a. Amma wallahi ban sani ba, ƙila a kan ɗan wani na tsaya.”

Na ce, “Ko ɗan wane ne, Yaya, ai ya samu. Allah Ya sa wani ya tsaya a kan nawa.”